Babana, ka dakata da zanen nan

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Amurka? Ƙanwarka ta nuna min hoton da ka turo mata, wai shi za a zana maka da allura tun daga kafaɗa har ƙugu. Kada ka yi mata faɗa, ni na tsare ta sai da ta faɗa.

Na kalli hoton da kyau. Mai zanen gwani ne, ban musa ba. Amma dai mace ce daga ita sai ɗan kamfai, ta karkace tana murmushi. Irin hotunan nan sun yi tashe ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Alberto Vargas yana zana su a mujallar Esquire, sojoji suna manna su a bango, har a goshin jiragen yaƙi. A Honolulu wani da ake kira Sailor Jerry ya yi suna wajen dasa su a damatsan sojojin ruwa, samarin da ba su san ko za su sake ganin gida ba. Su kewa ce ta dame su. Kai me ya haɗa ka da ita?

Jarfa ba baƙuwarmu ba ce. Kakarka tana da ita a wuya, wanzami ya tsaga da aska ya shafa baƙin tukunya tun tana yarinya. Har ta rasu tana jan mayafi ta rufe wurin, tun da ta ji hadisin Bukhari da Muslim da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Ita fa ba a nemi shawararta ba. Kai da ƙafarka za ka je, ka kuma biya.

Tawadar nan can ƙarƙashin fata take zama, shi ya sa ba ta wankuwa kamar lalle. Cire ta sai da hasken leza, zama bayan zama, makonni a tsakani, kore da rawaya sukan yi taurin kai, baƙar fata irin tamu kuma takan yi dabbare-dabbare. Ka manta yadda tabon gwiwarka ya kumbura ya yi tudu bayan faɗuwarka a keke? Jikin da ya yi haka da ɗan ƙwarzane za ka miƙa wa allura bayansa gaba ɗaya?

Abin da ya hana ni barci ma daban ne. Ranar da Allah ya kira ka Makka, harami ƙyalle biyu ne, kuma zamewa yake yi a turmutsitsin ɗawafi. Wa ke bayanka, me zai gani?

Mahaifinka bai sani ba tukuna, kuma ba daga bakina zai ji ba. In ka riga ka ba da kafin alƙalami, bar musu, zan mayar maka daga kuɗin adashena. Ka kira ni ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci, ko dare ya yi a nan zan jira.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka