A ceto mini jakar Baba Tsoho

Assalamu alaikum, Bazazzage,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da yara, da uwargida da amarya, kowacce a ɗakinta. Na san ka ƙullace ni. Wata bakwai ba takarda, sai ɗan "ya gida" a waya ranar Juma'a. An ce laifi tudu ne, to yau dai nawa nake hangowa, na kuma amsa.  Bari in fara da abin da ya hana ni barci tun daren Laraba da Gwaggo ta kira ni.

Ta ce Kawu ya sa an kwashe kayan ɗakin soro na gidan Baba Tsoho, wai za a fasa a fitar da shaguna biyu. An jibge tarkacen a tsakar gida, 'yan gwangwan har sun fara zarya a ƙofar gida kamar an yi musu shela. Ka tuna baƙar jakar fatar nan ta cikin adaka, ƙarƙashin buzu? Wadda muke satowa idan tsohon ya tafi masallacin Juma'a, mu zazzage 'yan gumakan tagulla mu jera su a matsayin 'ya'yan dara? Ita nake so ka je ka ɗauko mini, yau ba gobe ba, kafin wani yaro mai baro ya ɗora ta a sikeli ya biya kuɗin kilo ɗaya.

Na san abin da za ka ce: sanyin Ingila ya taɓa ni. Saurara tukuna.

A nan akwai wata kasuwar gwanjo da ke ci ranar Lahadi da sassafe a wani fili bayan gari. Kowa ya zo da motarsa ya buɗe bayanta ya baje abin da ya ishe shi a gida, daga tsohuwar tukunya har takalmin mamaci. Na je neman keken yaro ne. A kan teburin wani dattijo na ga wani ɗan ƙarfen tagulla, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana na tsakiya da kaɗan ba, yana rinjaya sama da ƙasa a kan 'yar ƙafarsa. Gefe ɗaya dunƙulen nauyi ne, ɗaya gefen kuma gurabe biyu ne zagayayyu, babba da ƙarami, kowanne da siririyar tsaga a tsakiyarsa. Na ɗauka abin yanke farce ne. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce ma'aunin fam ɗin zinariya ne, wanda suke kira sobarin, kuma a garin nan aka riƙa ƙera irinsa zamanin Sarauniya Biktoriya. Fam 12 na biya. Keken kuwa har yau yaro yana jira, uwarsa ma ba ta daina yi mini gori ba.

Dabarar da ke cikin ɗan abin nan ita ta kama ni. Sobarin, tun da aka fara buga na zamani a 1817, nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22 da ɗan ɗoriya. Mai shago zai ɗora kuɗin a gurbinsa: in bai zauna daram ba, ya yi faɗi. Sai ya zura shi ta tsagar: in bai wuce ba, ya yi kauri. Sannan ya duba ko ya rinjayi dunƙulen. Zinariya ta fi dalma da tagulla nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka mai buga jabu ya shiga tsaka mai wuya. In ya daidaita girma, nauyi ya gaza, in ya cika nauyi, kuɗin ya kumbura ya ƙi shiga tsaga. Kafin ka ƙifta ido an gama shari'a, ba rantsuwa, ba kiran shaidu. Ƙaramin gurbin na rabin sobarin ne. Ka ce mini 'yan canjin Wapa da injinansu masu shuɗiyar fitila sun fi wannan wayo.

Da na isa gida ba ni da zinariyar gwaji, ka san aljihun mutuminka. Sai na ɗauko fam ɗaya na yanzu, mai kusurwa goma sha biyun nan da aka fito da shi a 2017, na ɗora. Ya ƙi shiga gurbi, ya ƙi shiga tsaga. Na ce wa maiɗakina, kin gani, ma'aunin kakanninsu ya ce kuɗin Sarkinsu jabu ne. Ba ta yi dariya ba, tana nan kan maganar keke.

Daga nan na tafka wautar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ga abin ya yi duhu, ya yi kore-kore a lunguna, sai jinin Kano ya motsa. Na samo lemun tsami da gishiri na dirje shi tas, ya koma yana ƙyalli kamar kwanon sabuwar amarya. Lahadi ta zagayo na kai wa dattijon ina taƙama. Wallahi mutumin nan ya riƙe shi kamar an miƙa masa gawar jikansa. Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce duhun da na kankare shekara ɗari da wani abu ne suka tara shi, kuma masu tara irin kayan nan shi suke saye. Na rage masa daraja da hannuna, na kuma sayi lemun da kuɗina. Duk da haka ya tausaya mini, ya zaro sobarin na gaske daga wata 'yar jaka a aljihun ƙirjinsa ya ɗora. Kuɗin ya zauna cif, hannun ma'aunin ya sunkuya a hankali, ƙwas. Ban san lokacin da na yi kabbara a tsakiyar Turawa ba.

To kai ma ka ji: in ka ɗauko jakar nan, kada ka wanke komai. Kada amarya ta gani ta ce za ta burge ka da toka da soso.

Af, na ji labarin abokinmu na Fagge ya sake tsayawa takarar kansila. Karo na nawa ke nan? Ka gaya masa in ya faɗi wannan karon ya zo nan, akwai gurbin mai gadin fili a kasuwar Lahadi. An kuma ce mini kai ka yi tumbi har babbar riga ta daina rufa maka asiri. Tuwon gida biyu ba wasa ba.

Mu koma. Yanzu ni da dattijon mun zama kamar uba da ɗa, har gidansa ya kai ni. Ashe su jama'a ne guda, har ƙungiya gare su da mujallarsu, ba abin da suke tattaunawa sai tsofaffin ma'aunai. Ɗakinsa cike yake da ƙananan akwatuna. Wanda ya fi burge ni wani siririn akwatin katako ne da zai shige aljihu, kana buɗe murfin sai sikelin ya miƙe tsaye da kansa, kana rufewa ya kwanta. A yankin Lancashire aka fi yin su, ƙarshen ƙarni na 18, don auna wani kuɗin zinariya da ake kira gini. A shekarun 1770 hukuma ta sa ƙa'idar nauyin da in gini ya gaza shi ba dole ka karɓa ba, saboda mutane sun addabi kuɗin da shafce gefe da goge shi suna tara garin. Shi ke nan kowane ɗan kasuwa sai ya nemi sikelin aljihu. Wannan shafce-shafcen ne ma ya sa tun farko aka riƙa yi wa gefen tsabar kuɗi tsaga-tsaga, irin na sulen da muka tarar a gwangwanin Gwaggo, don in an taɓa a gane.

Sunan gini kuwa daga wajenmu ya zo. A 1663 aka fara buga shi da zinariyar da ake kwasowa daga gaɓar Afirka ta Yamma, wadda Turawa ke kira gaɓar Gini, wasu ma har da ɗan hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki. Ina cikin jin wannan sai ya jawo wata aljihun tebur ya ce bari ya nuna mini ma'aunan mutanen da suka haƙo zinariyar. Bazazzage, na leƙa sai gabana ya faɗi. 'Ya'yan dararmu ne. Ga kunama, ga tsuntsun nan mai waiwaye, ga masu kusurwa huɗu da zane-zane a bayansu. Har da kadoji biyun nan da suka gitta juna, ciki ɗaya kai biyu, wanda kullum muke faɗa a kan wa zai riƙe.

Duwatsun awon garin zinariya ne na Asante da sauran ƙabilun Akan, mutanen ƙasar Gana ta yau da makwabtanta. Ƙarnuka da dama garin zinariya ne kuɗinsu, har zuwa wajen 1900 da Turawan Ingila suka ci ƙasar, kuɗinsu ya maye gurbi. Kowane ɗan kasuwa da jakarsa: ɗan sikeli mai faranti biyu da zare, da cokulan ɗibar gari, da 'yan akwatunan ajiya, da duwatsun. Mai saye ya auna da nasa, mai sayarwa ya sake aunawa da nasa, sai an daidaita. Da kakin zuma ake fara siffanta kowanne, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, a fasa yumɓun. Shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Da yawansu karin magana ne aka zuba a ƙarfe. Kadojin nan, cikinsu ɗaya amma suna faɗa a kan abinci. Da ya fassara mini sai na tuna gidanka, ban dai faɗa masa ba.

Yanzu ka gane cokalin nan mai faɗin baki da muke ɗibar ƙasa da shi? Da ɗan akwatin da ka ce na tabar tsohon ne? Da farantan nan biyu masu huji uku-uku da muka ɗaura wa kyanwa a wuya? Sikelin ke nan muka lalata. Gwaggo ta sha faɗa cewa mahaifin Baba Tsoho ya yi fataucin goro a Gwanja, da Salaga, babbar kasuwar goron can, ta watse bayan yaƙin 1892 ya gangara kudu, ya ƙare a zangon Kumasi, daga can ya dawo da jakar. Mu muna jin ta kamar tatsuniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu kusurwa huɗun, waɗanda muka raina don ba su da fuska. Irinsu ne suka fi daɗewa, kuma awonsu na farko daga Musulmin 'yan kasuwa Wangarawa aka ɗauko shi, masu saukowa daga Jenne ta ƙasar Mali ta yau. Wato miskali. Miskalin nan dai da malam ya sa mu haddace a babin zakka, ashirin ne nisabin zinariya, giram 85 a lissafin yau, kowanne giram 4.25, nauyin dinarin da Abdul Malik bin Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira. Mun sha bulala a kan miskali a makarantar dare, ashe da rana da 'yan'uwansa muke dara a soro. Na sayi ɗan sikelin lantarki mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, yana nan yana jiran su. So nake in ɗora su ɗaya bayan ɗaya in ga wanne ne zai faɗo kusa da miskali.

Wanda ba zan samu in auna ba shi ne ɗan ƙaramin nan mai kamar dala, hawa-hawa. Kada ka yi kamar ka manta. Kai ka sa shi a danƙo ka harbi kurciya a kan katangar makwabta, ka kuskure kurciyar, ka samu tulun matar liman. Ni na sha dukan, kai ka tsere Zariya hutu. Shekara talatin da biyar ke nan, ban yafe ba, sai dai in jakar ta iso hannuna.

Ga yadda za a yi. Kada ka nuna wa Kawu ɗoki, ka san shi, in ya ji ƙanshin kuɗi zai ce gadon kowa ne a kira taro, a shekara ana rabon kunama da kada. Ba kuma cuta nake so a yi ba. Ka same shi bayan la'asar, ka gaishe shi, ka ce ni na aiko ka ina son jakar don tunawa da tsoho, kuma duk abin da ɗan gwangwan zai bayar na ninka sau goma, a raba wa masu haƙƙi. Gwaggo ta san da maganar, za ta sa baki. Ba sayarwa zan yi ba, ka faɗa masa haka ƙarara. Ko da dattijon nan ya yi mini tayi, ba zan saki ba.

In ka karɓa, ka shimfiɗa farin ƙyalle ka jera su, ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya, ka aje kwandala a gefe don in gane girmansu. Ka ƙirga su a gaban Gwaggo. A tunanina sun haura talatin, amma ƙwaƙwalwar yaro ce. Ka zazzage jakar sosai, ka duba cikin ɗinkin, don akwai ƙanana kamar ƙwayar gero da ke maƙalewa, har 'ya'yan itatuwa ja da baƙi in ka gani kada ka zubar, da su ake auna mafi ƙanƙantar gari. Ita ma jakar kada a shafa mata mai. Kuma kada ka ba kowa ya kawo mini, ka adana a ɗakin uwargida, ta fi ka riƙon amana.

Idan kuwa ka tarar an riga an sayar, ka bi yaron har inda suke tara ƙarafa, ko nawa ne ka biya zan turo. Ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, wayata a kunne take.

Ka gaida Hajiya da jiki, ka ce ina nan ina neman man zafin da ta ce. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Bakanon da ka ja wa duka