Ina irin uwar Shaihu Umar a littattafanmu na yanzu?

Malam Edita, assalamu alaikum, a ba ni ɗan fili don Allah.

Ni a Makka aka haife ni, wajen Shara Mansur, littattafan Hausa kuma a waya muke karantawa ni da ƴaƴana. To wallahi abin ya fara isata, kusan duk wanda na buɗe mace kala uku ce: muguwar kishiya mai zaryar gidan boka, uwar miji kamar mayya, sai marainiya da ba ta da aiki sai kuka har wani mai kuɗi ya zo ya ɗauke ta. Ai wannan tun a tatsuniya muka san su, ƴar bora da ƴar mowa ne aka sa musu leshi aka ba su mota.

Ban ce a daina ɗauko na tatsuniya ba fa, amma su kaɗai muka gada? Ga Daurama, ga Amina ta Zazzau. Ni wadda ta fi tsaya min a rai ma ba sarauniya ba ce, uwar Shaihu Umar ce a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. An sace mata ɗa yana ƙarami, matar nan ba ta zauna jiran labari ba, ta bi sawu, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare sahara har Murzuk har Tarabulus, sai da ta sa ɗanta a ido sannan rai ya yi halinsa.

Duk sanda nake sa'ayi ita nake tunawa, Nana Hajara tsakanin Safa da Marwa sau 7 saboda jaririnta, wannan kam ba tatsuniya ba ce addini ne, amma zuciyar uwa ɗaya ce.

Kakata ma da ƙafa ta taso daga ƙasar Kano da goyo a baya, ta Chadi ta Sudan, shekaru suna tsayawa noma su tara guzuri kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Na sha shafa mata man kaɗe a kaushin ƙafarta, tsaga ce kamar ƙasar fadama da rani, tana lissafa min waɗanda aka binne a hanya. Marubutanmu mata, ku da alƙalami ke hannunku, don Allah wata ta rubuta mana wannan matar, in ba haka ba jikokinta a nan Larabci kawai za su sani.

Wassalam.
Wata mai karatu, daga Makka