Wasiƙa ga Iyaye: Gwajin Karatun 'Yan Aji 1 zuwa 3

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Barkanmu da shiga sabon zango.

Daga Litinin mai zuwa za mu fara gwajin karatu ga 'yan aji 1 zuwa 3. Babu maganar ci ko faɗuwa, ba za a fitar da na ɗaya ko na kashin baya ba, don haka kada a tsorata yara a gida.

Kowane yaro zai zauna da malami shi kaɗai. Za a ba shi minti 1 ya faɗi sautin haruffa, wani minti 1 ya karanta gajeren labari a bayyane, sannan a yi masa tambayoyi. Tsarin EGRA muka bi, wato tsarin gwada karatun 'yan ƙananan azuzuwa, wanda aka ƙirƙiro a 2006, aka kuma gwada shi da Hausa a makarantun Bauchi da Sakkwato. A ciki akwai kalmomin da ba su da ma'ana, irin su "lomi" da "gezu". In yaro ya dawo yana cewa an ba shi shirme, da gangan aka yi. Yaranmu gwanayen hadda ne, wani zai rera maka shafi guda bai kalli allo ba. Kalmar da bai taɓa ji ba kuwa dole sai ya haɗa baƙi da wasali.

Da Hausa za mu fara, Turanci sai wata rana daban. Yawancin ɗalibanmu a aji kawai suke jin Turanci. In aka miƙa wa irin wannan yaro labarin Turanci ya yi shiru, malami ba zai san ko karatun ne bai iya ba ko harshen ne bai ji ba, alhali kowanne da maganinsa. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, a Turanci kuwa wasali ɗaya kan fita da sauti uku ko fiye. Wanda ya kama karatu da Hausa ya riga ya yi rabin aikin, saura kalmomi.

Kaduna gari ne na kowa. Yaran da ake Gwaranci, Fulatanci ko Yarabanci a gidansu, a sanar da malamin aji kafin ranar, don a yi la'akari da hakan wajen duba sakamako.

Bayan gwajin za a kasa yara rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, a sake gwadawa a ƙarshen zango. Sakamakon kowane yaro hannun iyayensa kaɗai zai shiga.

Roƙonmu a gida: a sa yaro ya karanta muku na minti 10 bayan magariba. Ko ba ku yi boko ba, ku ce ya ba ku labarin da bakinsa. A tabbatar ya karya kafin ya fito. Wanda ke fama da ciwon ido ko kunne, a faɗa mana tun yanzu.

Wassalam,
Shugabar Makaranta