Zuwa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni batun miƙa asibitoci ga ƙananan hukumomi

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Tambayar da ka yi min a gaban jama'a ita ce, wai in ƙasa mai tasowa ta cire harkar lafiya daga hannun gwamnatin tsakiya ta miƙa wa ƙananan hukumomi, asibitocin karkara za su gyaru? To gaskiya ya danganta da me aka miƙa. In aikin kawai aka miƙa amma kuɗin ya zauna a babban birni, wallahi ba gyara aka yi ba, kaya ne mai ƙarfi ya sauke ya ɗora wa mara ƙarfi.

Dubi Filifin. Dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ta maida asibitoci da ma'aikatansu hannun gwamnonin larduna da shugabannin garuruwa, sai ya zama gari mai kuɗi yana iya riƙe nas da likita, maƙwabcinsa kuma ko albashi da ƙyar, ƙarin girma ya tsaya wa mutane da yawa, sannan abin da ya fi ban haushi ƙaramin asibiti yana ƙarƙashin wani shugaba, babban da ake tura mara lafiya kuma yana ƙarƙashin wani daban, kowa da siyasarsa. Sai a 2019 suka yi sabuwar doka suna ƙoƙarin sake haɗa abin a matakin lardi.

Kenya ma a 2013 ta raba aikin ga gundumomi 47, kuma ba zan ce ba a ga amfani ba, yankunan arewa da aka daɗe da mantawa da su sun samu sabbin asibitoci. Amma daga ƙarshen 2016 likitoci suka shiga yajin aiki na kwana 100, kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu da ma'aikatar lafiya ta ƙasa, gundumomin da ke biyan albashi kuma suka ce su ba da su aka yi ba.

Wanda ya fi burge ni Brazil ne. Tun bayan tsarin mulkin 1988 garuruwa ne ke gudanar da lafiya a matakin farko, amma ba haka kawai aka sakar musu ba, kuɗin tarayya yana shiga kai tsaye asusun lafiya na gari, a 2000 aka wajabta musu kashe aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarsu a lafiya, kuma rabin kujerun majalisar lafiya ta gari na masu zuwa asibitin ne. Su ma fa suna da matsalolinsu, kar ka ɗauka aljanna ce.

Akwai kuma abin da ni ban yarda a raba ba sam, kamar sayen allurar rigakafi da magani da sa ido kan annoba. Ƙaramar hukuma ɗaya ba ta da bakin yin ciniki da kamfanin magani, cuta kuma ba ruwanta da iyakar gunduma.

Don haka in an kawo muku wannan shawara, ka tambaye su wa zai biya albashin nas ɗin, wa zai iya korarta in ba ta zuwa aiki, kuma ta wace hanya kuɗin zai bi kafin ya iso asibitin.

Wassalam.