Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya: Mun Kammala Birkin Ƙafa na Tsohuwar Bedford

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa makanikai.

Taron wata-wata bai tsaya ba a bana, kuma kuɗin ƙungiya na shigowa, ko da yake har yanzu akwai masu bashi. Amma aikin da ya cinye mana shekara shi ne tsohuwar motar sojan nan, Bedford RL, ƙirar Ingila da aka fara fitarwa a 1953, mai injin fetur silinda 6.

Wasunku sun so a fara da fenti don a fito da ita bikin sallah. Kwamiti ya ƙi, kuma har gobe muna kan bakanmu: babbar mota irin wannan ba ta hawa titi sai ta iya tsayawa.

Da muka ɗaga ta, ƙafafun baya ko motsi ba sa yi, shu (ƙarfen da ke matse ganga in an taka birki) ya manne da ganga (kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya) saboda tsatsa. Sai da muka sassauta ajasta, wato abin da ke daidaita tazarar shu da ganga, muka yi ta bugu a hankali kafin gangunan su fito. Mun hana yara hura ƙurar ciki da iska, domin lainin (fatar da ke jikin shu) na wancan zamani yawanci da asbesto aka yi shi, kuma yana illata huhu. Jiƙa ta muka yi, muka goge da tsumma. Wannan doka ta zauna a duk garejin mamba daga yanzu.

Man birki yana shan danshi, shi ya sa cikin silindodin ƙafa, masu tura shu da ƙarfin man, duk ya ciccinye. Biyu sun gyaru da gogewa da sababbin robobi, sauran sai da muka yi ta sintirin neman wasu a kasuwannin Panteka da Ƙofar Ruwa. Ganga ɗaya muka ajiye gefe, don in aka ƙara feƙe ta za ta yi sirara, zafi ya tsaga ta. An buga sabon lainin, an sauya fayif da sifirin, sannan muka fitar da iskar da ke cikin fayif ɗin birki, muka fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta, wato babban silindan da ke tura man birki.

Abin da ya fi faranta mana rai, yaranmu da suka taso a kan birkin faifai, wanda ba shi da ganga da shu, yanzu sun iya daidaita shu da kunne: a ɗaure har taya ta kama, a sake kaɗan har sai an ji ɗan gogar nan.

Birkin hannu da wayoyin lantarki suna nan sai baɗi. Fenti zai biyo baya, in Allah ya yarda.

Sakataren Ƙungiya