Wasiƙa zuwa ga abokina a kan wasan Dragon Quest

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Nan gida kowa lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo.

Na'urar wasan Switch ɗin da ka bar mini ta yi wata uku a cikin durowa ban taɓa ta ba. Sai makon jiya da aka ɗauke wuta bayan isha'i, na ɗauko ta na saka kaset ɗin nan da ka yi ta nanata mini, Dragon Quest XI S. Yanzu na yi kamar awa goma sha biyu a ciki, kuma na ga gara in rubuto maka tun abin yana da zafi a raina.

Da farko, gaskiya, na ƙosa. Ka san mu da gidan gem muka saba, ƙwallo da dambe, a danna da sauri kafin kuɗin mutum ya ƙare. Shi kuwa wannan faɗansa bi da bi ne: ka zaɓi sara ko tsafi ko magani, ka jira dodo ya yi nasa, sannan layi ya sake zagayowa kanka. Dodon farko ma wani ɗan shuɗin abu ne kamar ɗigon ruwa, yana ta murmushi. Sai a dare na uku na gane alherin wannan jinkirin. Ƙaramar ta farka tana kuka ina tsakiyar faɗa, na ajiye na'urar a kan tabarma, na lallashe ta har ta koma barci, na dawo na tarar dodanni suna jirana yadda na bar su. Ga wanda ya wuni a kasuwa ya dawo a gajiye, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma abin da ya kama ni da gaske shi ne ƙauyen Cobblestone. Yaron da kake juyawa ɗan tsintuwa ne, a bakin ruwa wani dattijo ya same shi yana jariri, kuma akwai tambari a bayan hannunsa na hagu. Wasan bai yi gaggawar fitar da kai ba. Ka hau dutse da Gemma, abokiyar yarintarka, kare yana gaba, saboda al'adar garin ce ga wanda ya cika shekara 16. Ka gaisa da maƙwabta, uwar riƙonka ta sallame ka. Ka isa birnin Heliodor da kyakkyawar niyya ka gabatar da kanka ga Sarki Carnelian, shi kuwa ya kira ka ɗan duhu ya jefa ka kurkuku. Can ka haɗu da ɓarawon nan Erik, kuka tsere ta magudanar ƙarƙashin ƙasa.

Da muka dawo ƙauyen sai na ga komai lafiya, amma ba wanda ya gane ni, har uwar riƙon nawa ta kore ni daga gida. Ga wata 'yar yarinya tana kuka ɗankwalinta ya maƙale a bishiya, na ciro mata, sai na fahimci Gemma ce tana ƙarama, kuma kakan nawa da ya rasu, wato dattijon da ya tsince ni, yana nan da ransa. Ashe zamanin da ya wuce ake nuna mini. Hoton yana gushewa, sai ga gidaje a rushe, an ƙone garin, ba kowa. Wallahi na daɗe riƙe da na'urar ban danna komai ba. Ka san irin labaran ƙauyuka da muke ji a nan, abin ya zo mini kusa fiye da yadda na zata. Yaron ba ya magana ko kaɗan a wasan, kuma a wurin nan shirun nasa ya fi kowace magana nauyi.

Zanen mutanen kuwa ina gani na ce na san hannun nan. Akira Toriyama ne, mai Dragon Ball da muke kallo muna yara, wanda ya rasu a 2024. Shi da Yuji Horii mai tsara labari da Koichi Sugiyama mai kiɗa sun yi aiki tare tun daga wasan farko na 1986. Wannan na goma sha ɗaya ya fito a Japan a 2017, na Switch kuma a 2019. Wataƙila shi ya sa komai nasa yake a natse, aikin dattawa ne da suka daɗe a kan sana'arsu.

Abu biyu ba su kwanta mini ba. Yaron yana faɗa wa gidajen mutane ba sallama, ya fasa tukwane, ya buɗe akwatin kaya ya kwashi abin da ya samu, kuma wasan lada yake ba ka a kai. Babban ɗana yana gefena yana kallo, sai da na tsaya na yi masa bayani cewa wannan ba hali ba ne. Sannan adana wasa a coci ake yi, gaban fada. Na san duniyar ƙirƙira ce, amma har yanzu ina jin wani iri duk lokacin da na shiga.

Jiya na bar garin Hotto tare da wasu tagwaye da suka zama abokan tafiyata, Veronica da Serena, na shiga Gallopolis ta cikin hamada, inda ake shirin sukuwar dawaki. Ina jin ihun 'yan kallo na tuna ranar da muka tafi filin sukuwa a kan kekenka.

Don Allah kada ka faɗa mini abin da ya sami mutanen Cobblestone, ina so in gano da kaina. Abin da nake buƙata kawai shi ne ka koya mini sarrafa 'yar maƙerar nan ta zango da ake ƙera makamai da ita a wasan, don takobi biyu na ƙera duk ba su fito da kyau ba. Ka gaishe da iyali, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Abokinka na tun yarinta