Babana, kafin ka sa hannu a takardar ejan nan

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiyar kwanan asibiti? Mu nan Anka lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi tun da ta soma shan maganin da ka aiko.

Maganar da ka kawo ran sallah ce ta sa na ɗauki biro, don a waya baki yakan riga tunani. Ka ce ka ci jarrabawar da Ingila ke yi wa likitocin waje, ga kuma wani ejan yana yi maka tayin Saudiyya. Ka faɗa kanka a sunkuye kamar mai laifi. Ɗago kanka. Ni na gan ka ran da ka iso gida bayan kwana biyu kana aiki kai kaɗai, barci ya kwashe ka a tabarmar zaure da takalmi a ƙafa, tuwon da aka ajiye maka har ya huce. Na san an yi shekara da shekaru ana ba likita naira 5,000 a wata kuɗin haɗarin aiki, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara. Na kuma san hanyar Gusau zuwa nan, ba mai hawanta sai da addu'a a bakinsa. Ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, da kansa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. Jama'a mai yawan haka ba rashin kishi ne ya kore su ba.

A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Ban so shi ba. Wanda aka tsare da ƙarfi, gangar jikinsa kaɗai ke asibiti. Tsarin magance ƙaurar ma'aikatan lafiya da Shugaba Tinubu ya amince da shi a watan Agustan 2024 ya fi shi hankali, tunda ya yi maganar ƙarin alawus ga masu aikin karkara da buɗe ƙofa ga waɗanda ke son dawowa. An kuma ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka karatun likita. Amma gani ya kori ji, kuma in ba a gyara albashi da tsaro ba, ɗibar ruwa ake yi da kwando.

Yanzu ga abin da ke raina. Ka tuna 2010, kana ƙaramar sakandare, lokacin da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega saboda niƙan dutsen zinari a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka tafi. Mutane suna cewa iska ce, har sai da likitocin MSF, ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, suka zo daga uwa duniya suka zauna da mu. Allah Ya saka musu. Amma ban manta wata mata da na gani a barandar asibitin garin nan ba, ɗanta a cinya yana jijjiga, tana bayani tana kuka, tafinta yana juyawa, rabin maganar tana zubewa a tsakani. Kana tsaye kusa da ni riƙe da kwanon abincin da muka kai wa gwaggonka. A hanyar komawa gida ka ce mini likitan yara za ka zama. Ban taɓa tuna maka ba sai yau.

Ba zan hana ka tafiya ba, kuma albarkata tana tare da kai ko'ina ka sa ƙafa. Sai dai gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin karatunka a Jami'ar Ɗanfodiyo, ka kuma sa hannu za ka yi mata aiki. Alkawari kaya ne. Ka cika shekarunka, ka ajiye aiki da takarda, ka yi sallama da mutane ido da ido. Kada ka ɗauki hutu ka sulale kamar yadda wasu ke yi, a wayi gari marasa lafiya na layi a ƙofar ofis a kulle. Ma'aikatan jinyar da ke ƙarƙashinka, koya musu duk abin da hannunsu zai iya ɗauka tun yanzu.

In ka je, nemo ƙwarewa a fannin yaran nan, kuma kada ka bar lasisinka na gida ya mutu. Iyalinka ka tafi da su, kada ka bar yarinyar mutane tana ƙirga watanni. Ejan kuwa, kada ka ba shi ko sisi sai mun ga takardarsa.

Ka taho da takardar ƙarshen wata, mu zauna da kawunka mu karanta layi-layi. Ka fito da hantsi, kada la'asar ta same ka a hanya.

Mahaifinka